Asiyar Wane Gida?

Ran da na ce wa Inna zan nemi karatun Asiya,
ta ajiye faifai, ta kalle ni sama da ƙasa:
"Asiyar wane gida? Ɗiyar Gado mai gora,
ko waccan doguwa ta bayan asibiti?"
Na yi dariya har tari ya sarƙe ni.
Na ce nahiya ce, Inna, ta wajen fitowar rana,
gaba da inda alhazai ke juyowa.
Ta ɗauki faifanta. "Ko ma wace ce,
sai ka kai kuɗin gaisuwa."

Ba ta yi ƙarya ba.
A shagon Ɗanjumma, bakin tashar Argungu,
na'ura ta jero mini lefen:
fasfo, sakamakon jami'a mai hatimi,
shaidar ina jin Turancin da na shekara goma sha shida ina ji,
wasiƙar malamai biyu,
da kuɗin da ya cinye buhu huɗu na shanshera.

Jami'a biyu, ƙasa biyu,
shekara a nan, shekara a can,
takarda biyu a ƙarshen wahala guda.
Kawu Ige ya taɓe baki:
"Taura biyu ba ta taunuwa, yaro."
Baba bai ɗago daga gyaran tiyo ba, ya ce,
"Wa ka taɓa gani ya faɗa Matan Fada da homa ɗaya?"

Sai tambayar da ta hana ni barci:
me ya sa Asiya? Kalma ɗari biyar, kar a wuce.
Na rubuta zumuncin ƙasashe, na goge.
Na rubuta cigaba mai ɗorewa,
na ji kunyar kaina, na goge.

Gaskiyar tana fadama.
Injin ban-ruwan Baba ne,
mai rubutu a ciki kamar sawun kaji a kan laka,
wanda tun ina shekara tara nake shafawa da yatsa
ina tambayar wa ya yi, me yake cewa.
Buhun nan ne mai hoton giwa
da ya haye teku, ya ratso ta Kamba,
ya iske shinkafarmu a kasuwa ya karya mata farashi,
shekarar da muka sayar da saniya.
Inna ta farke buhun ta yi labulen madafa,
har yau giwar na kallonmu muna cin tuwo.
Ina so in ga manomin can.
Shi ma tsuntsaye na cin masa gona?
Shi ma yana da bashin taki?
In zauna a kunyarsa, in ji da wane baki yake zagin ambaliya.

Haka na rubuta. Ɗari biyar da bakwai.
Na yanke saniyar don ya shiga.

Wasiƙar Malam Tukur Gwandu ta sa ni Birnin Kebbi sau uku,
a na uku na tare shi a ƙofar masallaci
yana neman takalminsa.

Daren ƙarshe, saura awa biyu a rufe,
man janareto ya ƙare ana tsakar aikawa.
Ɗanjumma ya zuƙo na babur ɗinsa da baki,
ya tofar, ya ce, "In ka je, ka aiko min da shayi."

Ya tafi. Sun ce sai bayan wata uku.

Na koma fadama.
Harafi guda na koya zuwa yanzu,
sanda a tsaye da ɗigo suna fallatsa gefe da gefe.
Na same shi a cikin injin, kusa da bakin tiyo.
Ashe duk shekarun nan ruwa yake cewa.

Kowace safiya Inna na miƙo koko:
"Asiya ta amsa?"
Tukuna, Inna.
"Bar ta. 'Yar gidan mutunci ce, ba ta saurin baki."